Dagi Ba Ya Sanyaya Ruwa: Sharhi a Kan Wani Nunin Ayyukan Ɗaliban Zane

Gabatarwa

Tun kafin wani ya riga ni faɗa, bari in faɗa da bakina cewa ni ba ɗalibin zane ba ne, Hausa nake karantawa, kuma ko hoton kaza aka ce in zana sai an yi gardama a kan ko kaza ce ko zabuwa. Saboda haka mai karatu yana iya cewa mene ne gamin kifi da kaska. Amsata ita ce, abin da zan yi sharhi a kansa an ce al'adar Bahaushe aka bincika aka yi shi, kuma garinmu, Gagarawa Tasha, aka ce an yi wa shi. To, abin da aka yi da sunan al'adarmu, aka kuma kai shi ƙofar gidanmu, ina ganin muna da bakin magana a kansa.

A ƙarshen zangon karatun da ya wuce wani abokina, mutumin ƙasar Gumel, ya gayyace ni nunin ayyukan da su ɗaliban ajin ƙarshe suka yi a makarantar da yake koyon zane. Ba zan kama sunan makarantar ba, domin ba ita kaɗai ke da wannan ciwo ba. Darasin da suka yi ayyukan a ƙarƙashinsa shi ne na ƙira mai jiki, watau tsara abin da yake da tsawo da faɗi da kauri, wanda mutum zai iya kewaya shi, ya taɓa, ya ɗauka ko ya zauna a kai, saɓanin hoton da ake shafawa a takarda. An umurci kowane ɗalibi ya zaɓi wani gari, ya binciki al'adar mutanensa, sa'an nan ya ƙera musu wani abu mai amfani. Wannan umurni ba shi da aibu ko kaɗan. Yadda aka fahimci kalmar "bincike" a nan ne gizo ke saƙar.

Abin da Na Gani

Ayyuka goma sha biyu aka baje a zauren. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina ƙirgawa, sai na tarar tara daga cikinsu suna ɗauke da dagin Arewa. Akwai kujera mai dagi a jingina, akwai fitila mai dagi, akwai akwatin zuba shara mai dagi. Wani ɗalibi ya yi samfurin rumbu na zamani, ya kafa masa zankwaye huɗu a ka, alhali kuwa duk wanda ya tashi a karkara ya san zanko na soro ne, rumbu jinka ake ɗora masa. Ya kuma zaunar da rumbun daɓas a ƙasa, ba duwatsu ba gado, watau ya shirya wa gara da danshi walima. Da na buɗe littattafan bayanin da aka ajiye a gefen kowane aiki, sai na ga babin binciken duk kusan iri ɗaya ne: hoton ƙofar gari, hoton hawan salla, hoton babbar riga mai aska, yawancinsu daga intanet aka kwaso, sai ɗan tarihin Bayajida a shafi guda.

Aikin abokina shi ne ya fi jan hankalin 'yan kallo, kuma shi ya sami yabo mafi yawa. Ya tsara mazaunin ruwan sadaka domin matafiya a Gagarawa Tasha. Tunanin kansa mai kyau ne ƙwarai. Garinmu tasha ce tun asali, a kan hanyar jirgin ƙasa da ta tashi daga Kano ta isa Nguru a 1930, kuma sunan garin ma daga nan ya samo tushe. Wurin da matafiya ke yada zango kuwa ba ya rabuwa da mai jin ƙishi, balle ranar Alhamis da jama'a ke ɗunguma zuwa kasuwar Maigatari. Abokina ya yi randuna uku masu dogon wuya, ya shafe su da fenti mai sheƙi, kore da fari, ya zana dagi a cikin kowace, ya girke su a kan wani dakalin siminti mai hawa biyu. In don kyan gani ne, wallahi ba a magana.

Hukuncin Iya

Da aka yi hutu sai ya ce in raka shi mu kai ɗaya daga cikin randunan garinmu, ya ɗauki hotonta a inda aka yi ta dominsa. Lokacin bazara ce, irin wadda zafi kan haura digiri 40 a ƙasarmu. Muka sauke ta a gidanmu da hantsi, muka cika ta da ruwa, muka ajiye ta a gindin darbejiya kusa da tsohuwar randar kakata, wadda muke kira Iya. Bayan azahar Iya ta fito, ta kewaya baƙuwar randa sau biyu, ta ɗauko moɗa za ta ɗiba, moɗa ta ƙi shiga. Sai da muka karkata randar aka tsiyaya mata. Ta kurɓa, ta furzar, ta dubi abokina ta ce, "Kai ɗan nan, wannan ruwan na wankan jego ka dafa mini?"

Abokina ya durƙusa ya ce, "Iya, ai randar zamani ce, a makaranta muka yi ta."

Ta ce, "To, ku je ku gaya wa malaminku randar da ba ta gumi ba randa ba ce. Kun toshe mata jiki da fenti, ta ina za ta sha iska? Kuma wa ya gaya muku ana yi wa randa wuyan tulu?"

Iya ba ta taɓa shiga aji ba, amma a cikin waɗannan kalmomi ta kawo illa biyu, ta uku kuma ni na ƙara da kaina da na dubi hoton dakalin. Ta farko, jikin randar ƙasa yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ruwa yana tsattsafowa ta cikinsu, iska ta busar da shi, busarwar nan kuwa tana tafiya da zafin da ke cikin randar. Shi ne Iya ke kira gumi. Busasshiyar iskar arewacin Jigawa ta fi kowace dacewa da wannan aiki. Fentin mai ya liƙe ƙofofin, sai randa ta zama tamkar duro. Ta biyu, Bahaushe bai raba suna tsakanin tulu da randa a banza ba. Tulu na ɗauko ruwa ne daga rijiya, shi ya sa bakinsa ƙarami don kada ya yi ta zuba a hanya. Randa ta ajiya ce, bakinta mai faɗi domin moɗa ta shiga, hannu kuma ya shiga ranar wanki, a rufe ta da faifai ko murfi. Ta uku, randa a kan jiƙaƙƙen rairayi ake girke ta a inuwa, rairayin ya riƙe gindinta, ya shanye abin da ya ɗiga. Dakalin siminti kuwa in ya sha rana, har bayan magariba yana huci.

Duk waɗannan abubuwa uku, da abokina ya zauna da kowace tsohuwa a Gagarawa ko Sule Tankarkar na rabin sa'a, da ya ji su kyauta. Matambayi ba ya ɓata. Amma ba a aike shi ya yi tambaya ba, an aike shi ya nemo alama.

Laifin Wa?

Ban ɗora wa abokina laifi ba, domin abin da aka nuna masa ana ba da maki a kansa shi ya yi. Ciwon yana ga yadda ake koyarwa, inda aka mai da al'ada ta zama ado da ake mannawa a jikin abu bayan an gama ƙera shi. Dagi alama ce mai daraja, masu ɗinki da magina sun daɗe suna yin sa, kuma tun zamanin Sardauna Ahmadu Bello ya zama tambarin Arewa. Sai dai al'adar da ke cikin randa tana ga irin yumɓun da aka zaɓa, da faɗin bakinta, da inda ake girke ta, da wanda zai sha da abin da zai ɗiba da shi. Haka zancen yake ga gini. Magini yana yin azara da giginya domin gara ba ta cin ta da sauƙi. Yana yin indararo ya miƙo waje domin ruwan sama ya faɗi nesa da gindin bango. Yana shafe da makuba, ko da laso wanda ake haɗawa da katsin marina, domin bango ya jure wa damina. Kowace siffa da dalilinta. Wanda ya ɗauki siffa ya bar dalili, ya ɗauki kara ya bar zangarniya.

Wannan magana ba sabuwa ba ce a ƙasar nan. A 1958 wasu ɗaliban zane a Kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiya domin ba su gamsu da koyarwar da ke mai da su 'yan kwaikwayon Turawa ba. A cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Ra'ayinsu shi ne a haɗa dabarun da aka koya a aji da abin da aka gada a gida. Abin lura shi ne ba su tsaya ga magana ba. Okeke ya koma ƙasar Ibo ya yi nazarin zanen uli wanda mata ke yi a jiki da bango, ya kuma tattara tatsuniyoyin mutanensa. Nwoko ya karkata ga gini, ya yi nazarin yadda gidajen gargajiya ke shan iska da haske, ya gina majami'ar 'yan Dominika a Ibadan, har a 2023 aka ba shi babbar lambar yabo ta masu tsara gine-gine a birnin Banis na Italiya. Waɗannan ƙafa suka sa suka je. Mu kuwa bayan shekara sittin da ɗoriya mun taƙaita darasinsu ya koma manna dagi.

Misali Daga Gida

Ba sai mun je Ibadan ba. A nan Jigawa aka yi Muhammad Bah Abba, malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha da ke Dutse, wanda ya tashi a gidan maginan tukwane. Ba zane yake koyarwa ba, amma a ganina babu wanda ya fi shi cancanta a karanta a darasin ƙira mai jiki. Ya dubi ƙauyukan da ba su da lantarki, ya ga manomi yana sayar da kayan lambunsa da arha don tsoron ruɓewa, ya ga 'yan mata suna yawon talla kullum maimakon zuwa makaranta. Tun daga wajen 1995 ya fara gwaji da tukunya biyu, ƙarama a cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen rairayi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Gumin nan dai na Iya shi ya sa a aiki. A gwajin da ya yi, yalo da kan lalace cikin kwana 3 ya kai kwana 27. Ya sa maginan gari suka gina tukwane 5,000 na farko, ya raba su kyauta a ƙauyuka. A shekara ta 2000 kamfanin Rolex ya ba shi kyautar dala 75,000, a 2001 kuma mujallar Time ta Amurka ta sa tukunyar cikin ƙirƙire-ƙirƙiren shekara.

Mai karatu ya lura, babu dagi ko ɗaya da ya sa aikin nan ya karɓu. Amma wane aiki ne ya fi shi zama na ƙasarmu? Yumɓun namu ne, rairayin namu ne, maginan namu ne, iskar da ke sanyaya shi tamu ce, matsalar da ya warware ma tamu ce. Ka kai shi bakin teku inda iska ke da laima, ba zai yi rabin abin da yake yi a Gumel ba. Wannan shi ne bincike na wuri da al'ada.

A cikin nunin ma akwai aiki guda da ya bi wannan hanya, kuma zalunci ne in rufe sharhin nan ban ambace shi ba. Wata ɗaliba ta yi murhun yumɓu, ba fenti ba zane, an tura shi can lungu kusa da ƙofa. Littafin bayaninta ba shi da hoton hawan salla. Abin da ke ciki shi ne awon gindin tukwane takwas na gidaje dabam-dabam, da tsawon kujerar tsugunno da matan ke zama a kai, da bayanin cewa a ƙauyen da ta je itace ya yi wuya, da karan gero da na dawa ake girki. Saboda haka ta tsawaita bakin murhun don kara ya kwanta ana tura shi a hankali, ta kuma yi masa kariya ta ɓangaren da iskar hunturu ke bugowa. Murhun yana da nauyi fiye da kima, kuma gefe guda ya tsage wajen gashi. Duk da haka shi kaɗai ne na tabbata in an kai shi gidanmu ba za a mai da shi mazubin tsumma ba.

Hujjar Abokina

Da muka koma makaranta abokina ya kare kansa, kuma hujjarsa ba ta banza ba ce. Ya ce shi mai fasaha ne, ba maginin tukwane ba, in an ce sai ya yi randa irin ta Iya sak, to me ya kawo shi makaranta? Ya kuma kawo mini misalin Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, ya ce ai ita ma tukwanenta masu sheƙi ba sa sanyaya ruwa, amma duniya ta yaba.

Gaskiya ne. Bayan Ladi Kwali ta shiga cibiyar koyon ginin tukwane ta tsohuwar Abuja, watau Suleja ta yanzu, a 1954, tukwanen da ta riƙa yi da sabon yumɓu ana gasa su da wuta mai tsanani ana yi musu sheƙi, sun yi nauyi, ba sa gumi, sun koma kayan ado. Amma akwai abu biyu da abokina ya tsallake. Na ɗaya, Ladi Kwali tun tana yarinya ta koyi ginin tukwane irin na Gwari a hannun danginta, ta kuma shahara har Sarkin Abuja Sulaimanu Barau yana ajiye tukwanenta, kafin Baturen nan Michael Cardew ya gan su. Da ta sauya, ta san abin da ta bari da abin da ta ɗauka. Na biyu, ba wanda ya girke tukunyarta mai sheƙi a bakin hanya ya ce wa matafiyi ga ruwan sanyi. Abokina kuwa da hannunsa ya rubuta cewa aikinsa na shayar da matafiya ne. Da ya ce na ado ne, da ni da Iya ba mu da ta cewa. Ba wanda ya hana mai fasaha sauya abin da ya gada. Ya sa wa randa famfo don hannu ya daina shiga ruwan, wannan ci gaba ne, kuma masu kiwon lafiya za su sa masa albarka. Sharaɗin kawai shi ne ya san abin kafin ya sauya shi.

Namu Laifin

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu ɗaliban Hausa ma ba mu tsira ba. Kowace shekara ana rubuta kundaye a kan sana'ar gini da ƙira da sassaƙa da dukanci, a jera sunayen kayan aiki shafi-shafi, a ɗaure da bango mai kauri, a ajiye a kanta ƙura ta rufe. Da yawanmu za mu iya kawo ma'anar tubali da bakan gizo da ɗaurin guga daga ƙamusun Bargery na 1934, mu kuma ba da labarin Babban Gwani Muhammadu Durugu da ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, amma a ba mu yumɓu mu mulmula tubali guda, sai ido ya raina fata. Su suna da hannu ba su da kalma, mu muna da kalma ba mu da hannu, kuma tsakanin sashen nan da wancan sau da yawa tafiyar minti biyar ce.

Shawara

Ga abin da nake gani, in malamanmu za su yi haƙuri da ƙaramin baki. Da farko, kada a bar ɗalibi ya taɓa yumɓu ko katako sai ya yi aƙalla mako biyu a garin da ya zaɓa, ya kwana a can, ya ci abincinsu. Na biyu, babin bincike ya ƙunshi abin da ɗalibi ya auna da hannunsa da abin da ya ji da kunnensa: wa zai yi amfani da abin, a tsaye ko a zaune, a wane lokaci na shekara, nawa zai iya biya, wa zai gyara in ya lalace. Na uku, ya tattaro sunayen abin da danginsa duka a bakin mutanen wurin, ya nemi dalilin bambancin sunayen, domin da abokina ya tambayi abin da ya raba tulu da randa, da rabin matsalarsa ta kau. A nan ne ya kamata a haɗa ɗalibin zane da ɗalibin Hausa su fita tare, tun da mu an koya mana yadda ake gaida dattijo, a zauna, a yi hira, a ɗauki magana. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na huɗu, a kai aikin inda aka yi shi dominsa a gwada kafin a ba da maki, a kuma ji ta bakin masu amfani da shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kammalawa

Na san wannan sharhi ba zai yi wa wasu daɗi ba, har da abokina wanda ya yi kwana uku ba ya amsa sallamata. Amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Waɗannan ɗalibai su ne gobe za a ba kwangilar tsara rumfunan kasuwa da azuzuwa da wuraren shan ruwa na ƙauyukanmu, da kuɗin jama'a, kuma mutanen da za su zauna da kuskuren ba su ne suka ba da makin ba.

Randar tana nan a gidanmu har yanzu. Iya ta ce ba ta da laifi wajen ajiyar gero, tun da ɓera ba ya iya hawa santsinta. Abokina kuwa ya huce, ya ce in hutu ya zo zai dawo Gagarawa ya zauna wurin wata maginiya da Iya ta yi masa kwatance, ya sake wata daga farko. Na ce masa ya taho da moɗa a aljihu. Allah ya sa mu dace, amin.